Gadar Katako a Benen Alhaji

Ƙanin mahaifina kafinta ne, kuma shi ya fara kai ni wurin aikin gini a Rano. Baffa nake ce masa. Bai koya mini sana'arsa ba, ya ce hannuna ya yi wa zarto nauyi, sai ya damƙa ni ga wani birkila abokinsa. A nan na iya kwaɓa siminti, na iya ɗora bulo a miƙe, na iya duban bango in san ya karkace tun kafin a sa igiya. Shekara goma sha biyar muna haɗuwa da Baffa a wuraren aiki, shi da gudumarsa, ni da cokalina.

Da aka dawo mulkin farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a, harkar gini ta buɗe a garinmu. Duk wanda ya samu kujera, ko ya raɓi mai kujera, sai ya sayi fili. Ana gina masallatai, ana gina shaguna, bangon da ka gama shafewa yau gobe ka tarar an manna masa hoton ɗan takara. A lokacin ne wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi mai manyan motoci da ke kai masara da dawa Kano, ya ce zai gina bene a bakin titi, shaguna a ƙasa, ofishin jam'iyya a sama. Ya kira ni ya ce ni zan riƙe aikin. Ban taɓa shugabantar aiki ba sai wannan karon. Na sayi baƙin tabarau, leburori suka fara ce mini Oga, na kuwa ji daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Ni na ɗauko Baffa ya yi mana aikin katako. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Idan an tashi aiki, maimakon ya wanke hannu ya tafi, sai ya bi filin yana tsintar ƙusoshi. Duk guntun katakon da ya gani da ƙusa a tsaye, sai ya lanƙwasa ta da guduma. Ya naɗe waya, ya janye rodi daga hanya, ya rufe ramin da muke tara ruwa da tsohon langa-langa ya danne da dutse. Idan ya ga an jingina tsani ba a ɗaure kansa ba, sai ya bar abin da yake yi ya zo ya ɗaure. Leburori suka sa masa suna mai shara. Da farko a bayan idonsa suke faɗa. Da suka ga ina dariya, sai suka fara faɗa a gabansa.

A cikin leburorin akwai wani Bafulatani daga wata ruga da ke bayan Kibiya. Dogo ne siriri, ya haura arba'in, ba mai yawan magana ba. Shanunsa sun ƙare saura uku, ya koma noma, da rani kuma ya shigo gari neman aikin ƙarfi. Bai saba da wurin gini ba. Ranar da ya fara ya yi tuntuɓe da rodi, ya faɗa cikin kwaɓin siminti da fuska. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce ya tsaya a haka kada ya wanke, sai na kira masu aiki a bayan ginin sun zo sun gani. Ya tsaya kuwa, simintin yana bushewa a gemunsa, idonsa a ƙasa. Baffa ne ya kawo masa ruwa a buta, sannan ya ja rodin ya kai gefe.

Da ginin ƙasa ya wuce linta, sai maganar dakin, wato rufin kankaren da zai zama daɓen hawa na sama. Ba mu da injin ɗaga kaya. A ka ake hawa da kankare, cikin kwanon sarki, mutum bayan mutum, tun safe har a gama, don idan aka fara zubawa ba a tsayawa. Saboda haka dole a yi gadar katako daga ƙasa zuwa sama. Kwana biyu Baffa ya yi yana haɗa tamu. Ya kafa turakun gora, ya shimfiɗa katako shida a jere, uku na masu hawa, uku na masu sauka. Ya bubbuga gajerun itatuwa a gicciye, taku-taku, inda ƙafa za ta tokare. Sannan ya yi abin dafawa dama da hagu, daidai ƙugun mutum. Ban taɓa ganin gada mai kyanta ba, kuma ban gaya masa ba.

Ranar Laraba Alhaji ya zo duba aiki. Na gaya masa katakon da za a shimfiɗa a zuba kankaren a kai ya kasa a kusurwa ɗaya, sai an ƙaro daga Kano. Ransa ya ɓaci. Ya riga ya yi maganar injin kwaɓa kankare na ranar Asabar, kuma manyan jam'iyya za su zo ba da daɗewa ba, yana so su tarar an rufe ginin. Yana cikin faɗa sai idonsa ya kai kan gadar.

"Wannan fa? Mota ce za ta hau?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta masu ɗaukar kankare ce."

"Kana ce mini katako ya kasa, ga katako a tsaye yana shan rana? Ku ɓalle na gefen nan ku cike wurin. Duk leburan da ba zai iya hawa ba sai ya dafa, ya koma gida ya yi raino."

Ya shiga mota ya tafi. Na juya wajen Baffa.

"Baffa, ka ji abin da Alhaji ya ce."

"Na ji. Ba zan cire ba."

"Ba shawara nake nema ba."

Ya ajiye zartonsa. "Kai, ka taɓa hawa katako da jiƙaƙƙen siminti a kai? Kafin hantsi ya fi miyar kuɓewa yauƙi. Mutum da kaya a ka, hannu ɗaya a kan kwano, idan ya zame ɗayan me zai kama? Ka je ka ba Alhaji haƙuri, a kawo katako, a ɗaga zubin zuwa Litinin. Kwana biyu ne kawai."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce tun a lokacin. Amma da ƙarfi ya faɗe ta, leburori sun daina aiki suna kallonmu, kuma ya ce mini "kai" kamar yadda yake ce mini tun ina ƙarami. 

Na ce, "Tsufa ne ya sa maka tsoro. Nan ba zauren gida ba ne, Baffa. A gida kai ne babba, a nan ni ne. Idan ba za ka cire ba, ka tattara kayanka. Masu shara ba su yi wuya a Rano ba."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Baffa ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya sunkuya ya fara zuba kayan aikinsa a buhu, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya ɗaure buhun a bayan kekensa. Har ya kama hanya sai ya dawo.

"To ko wannan ka yi. Ka ajiye mutum ɗaya da shebur yana kankare katakon, yana watsa busasshen yashi. Kuma kowa ya cire silifa. Gara ƙafa tsirara."

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, kun ji mai shara ya bar wasiyya." Aka sake dariya. Ya hau kekensa ya tafi.

Da hannuna na ɓalle abin dafawar, ni da wani kafinta da ke taya Baffa aiki. Bai isa cike kusurwar ba, muka ƙara da katako uku na masu sauka. Gada ta koma katako uku, ba komai a gefe.

Ranar Asabar muka fara da idar da sallar asuba. Na tara leburori wajen talatin, daga Lausu da Yalwa da Dawaki da cikin gari. Bazara ce, tun da safe gumi yake zuba. Inji na ruri, masu shebur na cika kwanuka, layi na hawa yana sauka, wani na ba da waƙa ana amsawa. Ina tsaye a sama, a bakin gadar, ina nuna inda za a juye. Na ji kaina kamar wani babban mutum.

Kowane kwano yana ɗigar da ruwan siminti. Kafin rana ta ɗaga katakon ya yi baƙi yana sheƙi, kankare ya cike tsakanin itatuwan da ƙafa ke tokarewa har sun shafe. Masu hawa da masu sauka kuma a kan katako ukun nan suke gogar kafaɗa. Mutum na farko da ya zame a kan gwiwa ya faɗi, kwanonsa ya gangara ƙasa. Na zage shi, na ce idan barci yake ji ya je gida. Wani dattijon lebura daga Lausu ya tsaya kusa da ni yana haki.

"Oga, a watsa yashin nan mana. Wallahi katakon ya zama sabulu."

Na ce, "Yashin na kankare ne. Wuce."

Tulin yashi yana nan a gindin gadar, shebur biyar ya isa. Abin da ya hana ni ɗaya ne: duk wanda ke wurin ranar Laraba zai san maganar wa na bi.

Mutumin Kibiya ya same ni bayan ya yi sawu kamar goma. Ya sauke kwanonsa, ya ɗan rusuna.

"Oga, don Allah a mai da ni wajen shebur. Kaina yana juyawa idan na kai sama."

"Ba ku ne masu hawa gawo ku sassabe wa shanu ganye ba?"

"Itace da reshe, Oga. Nan ba abin da zan riƙe."

"To ka riƙe gemunka," na ce, na kuma tabbata kowa ya ji. "Ɗauki kwano."

Ya ɗauka. A hankali yake hawa, yana jan ƙafa, silifansa na roba ɗaya an ɗinke shi da waya. Layi ya riƙa cunkushewa a bayansa. Na ce wa wanda ke binsa, idan ya ƙara tsayawa ya taka masa dunduniya.

Ana gab da kiran azahar ya faɗo. Ina kallonsa, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Wani yana sauka da kwano ba komai, shi kuma ya matsa gefe ya ba shi hanya. Ƙafarsa ta dama ta sulale. Hannunsa na hagu ya miƙe gefe da sauri, yatsu a buɗe, ya damƙi iska. Bai yi ihu ba. Ya tafi da baya, ya sauka a kan bulon da muka jera a ƙasa, kwanon kankaren ya biyo shi ya same shi a ƙirji.

Waƙar ta tsaya. Injin bai tsaya ba.

Na sauko. Idonsa biyu, yana kallon sama, bakinsa yana motsi da salati. Ba jini sosai, sai a ƙeya. Na ji wani sanyi a raina, na ce ashe da sauƙi.

Na ce, "Tashi."

"Oga, ƙafafuna. Ban san inda suke ba."

Dattijon Lausu ya ce a kashe inji a nemo mota. Na ce ba wanda zai kashe komai, idan kankaren ya sha iska rabi da rabi dakin zai tsage, kuma ni za a kama. Na sa mutum huɗu suka ɗauke shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, tsakiyarsa tana lilo kamar buhu. Daga baya likita ya ce da an sa shi a kan katako a miƙe, ba a naɗe bayan ba, wataƙila da abin bai kai haka ba. Katako kuwa shi ne abin da ya fi yawa a wurin. Muka kwantar da shi a gindin darbejiya, a kan takardun siminti.

Sai a lokacin na ce a watsa yashi a gadar. Ba wanda ya dube ni. Aka watsa, aka ci gaba, kuma har muka gama ba wanda ya ƙara zamewa.

Ya fi awa uku a gindin bishiyar. Inuwa ta matsa ta bar rabin jikinsa a rana, bai iya bin ta ba. Dattijon Lausu yana fita daga layi lokaci-lokaci ya ɗiga masa ruwa a baki, ni kuma ina yi masa tsawa daga sama. Da na sauko yin la'asar na ga wandonsa ya jiƙe, ƙudaje sun taru, shi bai ma sani ba. Na wuce ta gabansa na je na yi alwala.

Bayan la'asar Alhaji ya zo. Sai da ya zagaya ginin ya ɗaga kai ya ga an rufe, ya ce madalla, sannan na kai shi gindin bishiyar. Ya tsaya daga nesa, ya ce Allah ya sawwaƙe, tsautsayi ne. Dattijon Lausu ya roƙe shi a sa mutumin a motarsa. Alhaji ya dubi wandon, ya dubi kujerun motar, ya ce a jira a-kori-kurar da ke kawo mana ruwa. A bayanta aka kai shi asibiti, tsakanin durom biyu. Daga nan suka ce sai Kano. A Kano aka ce lakar bayansa ta tsinke, ba zai ƙara takawa ba.

Washegari na sa aka kwance gadar gaba ɗaya.

Bayan wata guda yayan mutumin ya shigo Rano tare da wani malami na rugarsu. Ya ce sun ji yanzu akwai Shari'a, kuma an ce wanda aka jawo wa nakasa yana da hakki. Ba su san hanyar kotu ba, sai suka fara da mai unguwa. Mai unguwa ya ce a zauna a zaurensa, da liman, a ji yadda abin ya faru.

Ana gobe zaman Alhaji ya kira ni shagonsa. Bai ce in yi ƙarya ba. Ya ce akwai wani gini da zai fara a Yalwa bayan damina, ya kuma ce shi bai taɓa sa hannu a katakon kowa ba, duk abin da aka cire a wurin aiki shugaban aiki ne ya cire. Ya tambaye ni ko na gane. Na ce na gane.

Da na shiga zauren na tarar da Baffa a zaune. Ba wanda ya gayyace shi. Da yayan mutumin ya gama magana, Baffa ya nemi izini, ya faɗi yadda ya yi gadar da yadda aka ce ya ɓalle gefenta ya ƙi. Wani na hannun daman Alhaji ya katse shi.

"Malam, ranar da ya faɗo kana wurin?"

"Ba na nan. An kore ni."

"To ka ga gadar ranar Asabar da idonka?"

"Ban gani ba."

"Allah ya gafarta malam," ya ce wa liman, "wannan ai labari yake bayarwa, ba shaida ba."

Aka juyo kaina. Na ce gefe ɗaya kawai muka cire, ɗayan yana nan, kuma ta ɓangaren da yake da abin dafawa ya faɗo, shi ne bai kama ba. Na ce tun da safe na yi shela kowa ya cire silifa, shi ya ƙi. Na ce da alama bai karya kumallo ba, jiri ne ya ɗebe shi. Maganar ta fito sumul, ko gargada ban yi ba. An kawo leburori biyu, duka masu neman aiki a Yalwa, suka ce su lokacin suna wajen inji, ba su gani ba. Dattijon Lausu ba wanda ya aika masa.

Liman ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa a kan abin da na faɗa. Na ce zan iya. Aka tashi ɗauko Alƙur'ani, sai yayan mutumin ya ɗaga hannu.

"A bar shi. Kada ya rantse saboda mu. Idan haka ya ce, haka ne."

Aka ce ƙaddara ce. Alhaji ya ce duk da haka shi mai tausayi ne, zai aika da buhun masara biyu. Aka yi masa godiya, aka shafa fatiha. A ƙofar zaure na tsuguna in gaida Baffa. Ya zagaye ni kamar an ajiye turmi a hanya, ya ɗauki kekensa.

Manyan jam'iyya sun zo, an yi taro a saman benen, an yanka rago. Matakalar ba a gama ta ba, ba ta da abin riƙewa. Alhaji ya ce in tsaya a gefensa, ya dafa kafaɗata har sama, yana ce mini in yi a hankali.

Damina ta zo ta kusa wucewa, Baffa bai yi mini magana ba. Wata safiya ina shirin fita sai na gan shi a ƙofar gidana da katako huɗu a ɗaure.

"Ɗauko mashin ɗinka. Kibiya za ka kai ni."

Ban tambaye shi ba. Ya hau baya ya rungume katakon, muka kama hanya. Bayan Kibiya muka sauka daga titi, muka bi wata siririyar hanya tsakanin gonakin dawa har rugar. A nan na gane ba zuwansa na farko ba ke nan, don karnuka ba su yi masa haushi ba. Matar mutumin ta fito ta yi mana maraba da Fulatanci, ta ce jabbama, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo nono a ƙwarya. Ba ta san ko ni wane ne ba.

Ɗakin yana wari, irin warin da turare ba ya rufewa. Mutumin yana kwance a kan wani gadon katako da na gane aikin Baffa ne, an huda tsakiyarsa an ajiye kasko a ƙasa. Ya rame har na ga ƙasusuwan fuskarsa. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya, an shafa masa wani baƙin magani. Katakon da muka kawo na yin wata sanda ne a saman gadon, wadda zai riƙa kamawa yana ɗaga kansa idan za a juya shi.

Ya gan ni ya ce, "Oga." Ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe ni, kafaɗunsa kawai suka motsa.

Na tsuguna na yi masa ya jiki. Ya ce da sauƙi. Baffa ya fara aune-aune, ya ce in riƙe masa katako, na riƙe. Yayan ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, matar tana tsaye a bayansa. Ba a jin komai sai guduma. Da Baffa ya tsaya neman ƙusa, sai mutumin ya yi magana.

"Oga, ina so in tambaye ka wani abu. An ce ka ce akwai abin dafawa a gefen da na faɗo. Ni kuma na tuna na miƙa hannu ban samu komai ba. Kullum ina kwance ina juya abin a raina. Wani lokaci in ce babu, wani lokaci in ce ko jirin ne ya rufe mini ido, abin yana nan ban gani ba. Idan yana nan, to ni na jawo wa yaran nan wannan." Ya numfasa. "Kai kana sama, ka fi ni gani. Akwai?"

Ba faɗa a muryarsa. So yake ya sani kawai. Baffa ya tsaya da guduma a hannu, bai waiwayo ba. Na dubi yayan da ya hana ni rantsuwa, na tuna liman da mai unguwa, na tuna ginin Yalwa da za a fara bayan girbi.

Na ce, "Akwai."

Ya rufe ido. Ya ce, "To. Allah ya yafe mini." Matar ta fita daga ɗakin.

Baffa ya gama aikinsa. Ya kama hannun mutumin ya ɗora a kan sandar, ya nuna masa yadda zai ja, ya sa ya gwada sau uku. Muka yi sallama. Da muka iso Kibiya ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka, ya ɗauki buhun kayansa, ya tsallaka titi ya shiga motar haya. Daga ranar har ya rasu, gaisuwar Sallah ce kawai ke haɗa mu, ita ma ni ke yi, shi ya ce lafiya.

Na samu aikin Yalwa, na samu wasu bayansa. Ban ƙara zuba dakin a kan gadar da ba ta da gefe ba. Ina ajiye mutum da shebur da busasshen yashi, ina raba hanyar hawa da ta sauka, ina korar duk wanda ya zo mini da silifa. Akwai mai ginin da ya sallame ni a kan haka. Leburori suna cewa ni mutumin kirki ne mai tsoron Allah, ni kuma ina barinsu su faɗa.

Mutumin Kibiya ya ƙara shekara ɗaya da wani abu. An sayar da shanun nan uku wajen magani, matarsa da manyan 'ya'yansa mata suka riƙe gonar. Dattijon Lausu ne ya gaya mini rasuwarsa, mun haɗu a tasha, ya ce gyambon ne ya ci har ƙashi, za a yi jana'iza da azahar. Na ce Allah ya jiƙansa. Ranar muna ɗora linta a wani shago, na koma wurin aiki.